Yadda ake ƙiyasta samun gidan tsakiya a gunduma, da yadda ake gane ko ya sauya da gaske

Idan majalisar gari ko ƙungiyar manoma ta nemi sanin nawa gida ke samu a shekara a gundumar Binuwai, ko Diamare, ko Mayo Sava a arewacin Kamaru, da kuma ko samun ya ƙaru ko ya ragu, babu littafin da za a buɗe a tarar da amsar a rubuce. Hukumar ƙididdiga ta Kamaru, INS, tana da babban binciken gidaje mai suna ECAM, wanda aka yi a 1996, 2001, 2007, 2014, sai na biyar a 2021 zuwa 2022. An tsara shi ne don ya ba da alƙaluman jiha-jiha, da Yawunde da Duwala a ware, ba na gundumomi 58 ɗaya bayan ɗaya ba, kuma ya fi auna abin da gida ya ci ya kashe a kan abin da ya samu. Daga gare shi aka san cewa a 2014 kashi 74.3 cikin ɗari na mutanen jihar Arewa Mai Nisa suna ƙasa da layin talauci, jihar Arewa kashi 67.9, ƙasa baki ɗaya 37.5. To amma ko a cikin jihar Arewa Mai Nisa, Marwa daban, Mora daban. A Cadi ma haka lamarin yake da binciken ECOSIT na hukumar INSEED. Mai son adadin gunduma guda, sau da yawa sai ya tattara da kansa, ko ya tatso daga ɗan abin da babban bincike ya taɓa a yankinsa. Ko wanne ya bi, adadi biyu zai fitar: ƙiyasin, da faɗin shakkar da ke tare da shi.

Me ya sa gidan tsakiya

A jera gidajen gunduma daga mafi ƙarancin samu zuwa mafi yawa. Wanda ya faɗo a tsakiyar layin, rabi na ƙasa da shi rabi na sama, shi ne gidan tsakiya. A ɗauki unguwa mai gida goma: tara na samun sefa 400,000 kowanne, na goma na wani alhaji ne mai safarar shanu zuwa kudu da ke samun miliyan 30. In aka tara aka raba goma, za a ce kowane gida na samun miliyan 3.36, kuɗin da gida tara ba su taɓa gani ba. Gidan tsakiya kuwa 400,000 ne, kuma ko alhajin ya ninka cinikinsa bana ba zai motsa ba. Ga wani amfanin: masu hali su suka fi rage abin da suke faɗa, kuma ragin nasu ba ya taɓa tsakiya muddin suna nan a saman layi.

Ƙa'idojin da za a rubuta kafin a fita

Na farko, mene ne gida. Waɗanda ke kwana wuri ɗaya, suna ci daga tukunya ɗaya, ƙarƙashin mai gida ɗaya. Katanga guda a tsohuwar unguwa a Garwa na iya ƙunsar uba, da 'ya'ya biyu masu aure da suka raba tukunya, da ɗan haya: gida huɗu ke nan. Matan mutum ɗaya da ke girki bi da bi daga rumbu ɗaya kuwa gida ɗaya ne. A yanke hukunci tun farko a kan almajirai da ɗan da ya tafi cin rani, a rubuta. In bana aka ƙirga katanga, baɗi aka ƙirga tukunya, adadin zai faɗi ƙasa warwas alhali ba wanda ya talauce.

Na biyu, mene ne samu. Nan ne aikin ya fi lalacewa, domin tambayar "nawa kake samu a shekara" ba ta da amsa a wurin manomi ko mai tireda. Sai an bi hanya-hanya.

Auduga: manomi na iya faɗin kuɗin da aka auna masa, ko abin da ya shiga aljihunsa bayan an cire bashin taki da maganin feshin da ya karɓa daga kamfanin auduga na SODECOTON ta hannun ƙungiyarsu. Na biyun ake so, sannan a cire ladan 'yan ƙwadago da hayar shanun huɗa. A tambaye shi ƙarara wanne ya faɗa, don kada a cire kuɗin taki sau biyu.

Hatsin da aka ci a gida: dawa, gero, masara, wake, da muskuwari, dawar ranin nan da ake dasawa a karal, wato ƙasar laka mai riƙe ruwa, bayan damina a girbe wajen Fabrairu. Duk samu ne ko da ba a kai kasuwa ba, kuma a ƙauye shi ne kaso mafi tsoka. A ƙirga buhuna ko dammuna, a yi musu kuɗi da farashin kasuwa mafi kusa. Farashin kaka da na watan Agusta sun yi nisa da juna, saboda haka a zaɓi ɗaya (na kaka, ko matsakaicin shekara) a tsaya a kansa kowane zagaye. Kada a yarda cewa kowane buhu kilo 100 ne. A ɗauki sikeli a auna buhu da tasa da mudu, ko koro a Cadi, a kasuwanni uku ko huɗu na gundumar, a yi teburin juyawa zuwa kilo.

Dabbobi: nono, ƙwai da ribar kiwon turka samu ne. Sayar da saniyar garke kuwa a ba shi gurbinsa daban, domin a shekarar wahala ne mutane ke sayar da dabba su sayi hatsi. In aka haɗa shi da sauran, shekarar yunwa za ta fito a takarda kamar shekarar arziki.

Sana'ar mata: ƙosai, man gyada, ƙuli-ƙuli, kitso, kiwon awaki. Mai gida bai san ribar ba, wani lokacin ma ba a so ya sani. Mata ne za su tambayi mata, a cikin gida, ba a zaure ba.

Aiken ɗa daga Duwala ko Kano, zakka, fansho da tallafin ƙungiyoyi suna shiga. Kwasar adashi, rance, da kuɗin gonar da aka sayar ba sa shiga. Ga ɗan acaba, mai shayi ko mai sayar da zuwa-zuwa, wato man fetur na bumburutu, a bakin titi, a tambayi ribar mako guda mai kyau da mako guda maras kyau, da watanni nawa ya yi aikin, a lissafa daga nan.

Sai ƙirgar kuɗi. Wanda ya ce dala ɗari, sefa 500 yake nufi, haka riyal a Cadi biyar-biyar ne. Jaka a bakin mai ƙirga sefa dubu ce, a bakin wanda ya saba da naira ɗari biyu. Mai tambaya ya maimaita adadin da sefa, mai amsa ya tabbatar, sannan a rubuta. A kasuwannin bakin iyaka inda ake ciniki da naira, a rubuta nairar yadda take tare da watan cinikin, a juya daga baya da canjin 'yan canji na watan. Naira ta zube sosai daga Yunin 2023, don haka canji guda na shekara ba zai yi ba.

Zaɓen gidaje

Ana yinsa hawa biyu: a zaɓi shiyyoyi, sannan a zaɓi gidaje a cikinsu. A raba gunduma kashi biyu tukuna, birni da ƙauye, kowanne a yi masa zaɓensa. Jerin shiyyoyin ƙidaya yana hannun BUCREP, hukumar ƙidayar jama'a ta Kamaru. A duba shekararsa, domin na ƙidayar 2005 ya tsufa, unguwanni da yawa a gefen Garwa da Marwa gonaki ne a lokacin. Saboda haka duk shiyyar da ƙuri'a ta faɗa wa, sai an bi ta ƙofa-ƙofa an rubuta gidajenta sabo. In an samu 180 ana son 12, a raba: 15. A jefa ƙuri'a tsakanin 1 da 15, a ce 7 ta fito, sai a ɗauki gida na 7, na 22, na 37, har a cika.

Gaisuwar lamiɗo da neman izinin lawan da jauro wajibi ne, ba a shiga gari ta bayan gida. Amma kada a bar jauro ya nuna gidajen da za a shiga, ko da da kyakkyawar niyya ne: ko dai ya kai ku wurin masu faɗa a ji, ko kuma, in yana zaton tallafi ne ke tafe, wurin mabuƙata zalla. Gidan da aka tarar a rufe a koma masa sau uku a lokuta daban. Kada a musanya shi da maƙwabci, don wanda ake tararwa a gida da rana ya bambanta da wanda ke kasuwa ko gona.

Gida nawa? Maƙwabta sun yi kama da juna, ƙasarsu ɗaya, ruwan samansu ɗaya, kasuwarsu ɗaya. Shi ya sa gida 12 daga ƙauye guda ba su kai gida 12 daga ƙauyuka 12 ba wajen ba da labari. Ana lissafa asarar haka: a cire 1 daga yawan gidajen kowace shiyya, a ninka da ma'aunin kamannin maƙwabta, a ƙara 1. A ɗauka ma'aunin 0.1 ne, don misali (na gaskiya daga bayananku zai fito). Shiyya 40, gida 12 kowacce, jimla 480: 11 sau 0.1 a ƙara 1, ya ba da 2.1. A raba 480 da 2.1, an samu 229. Wato ƙarfin gidajen nan 480 daidai yake da na 229 da aka tsinto ɗai-ɗai. In aka yi shiyya 20 da gida 24, ƙarfin ya sauka zuwa 145. Shiyya 60 da gida 8 ya hau zuwa 282. Kuɗin mai da na kwana ne ke sa a so rage shiyyoyi, amma in za a yi tsimi, gara a rage gidaje a bar shiyyoyi da yawa. Ƙasa da shiyya 30, tazarar shakkar kanta ba ta da tabbas.

Nauyi, sannan tsakiya

Kowane gida da aka tambaya yana tsaye ne a madadin wasu. In gunduma na da shiyya 400 aka zaɓi 40, kowace shiyya na wakiltar 10. A shiyya mai gida 180 da aka ɗauki 12, kowane gida na wakiltar 15, nauyinsa 10 sau 15, wato 150. A shiyya mai gida 60, nauyin 50 ne. In 10 kawai suka amsa cikin 12, a ninka nauyin waɗanda suka amsa da 1.2.

Sai a jera gidajen bisa samu, a riƙa tara nauyinsu daga ƙasa har a kai rabin jimlar nauyi. Gidan da aka tsallake rabin a kansa shi ne na tsakiya. Ɗan misali: gida biyar masu samun 200,000, 350,000, 500,000, 800,000 da 1,500,000, nauyinsu 30, 30, 60, 150, 130. Jimla 400, rabi 200. Tarawa: 30, 60, 120, 270. An tsallake 200 a gida na huɗu, amsar 800,000. Da an yi watsi da nauyi, da 500,000 za a ce. Umarnin MEDIAN na Excel, mai fitar da tsakiya, bai san nauyi ba, sai an yi tarawar da hannu a wani gurbi, ko a yi amfani da svyquantile a manhajar R.

In an tattara samu rukuni-rukuni ne ba adadi ba, a nemo rukunin da rabi ya faɗa ciki a yi rabon gwargwado. Kashi 40 na ƙasa da 500,000, kashi 25 na tsakanin 500,000 da 750,000: ana buƙatar 10 daga cikin 25 ɗin, wato biyu bisa biyar na faɗin 250,000. Amsa 600,000.

Faɗin shakka

Da wasu shiyyoyi 40 ƙuri'a ta zaɓa, da wani adadin aka samu. Tazarar shakka ita ke nuna iya nisan da wannan sa'ar zaɓe ke iya kai ƙiyasi. Hanya mafi sauƙi ga gidan tsakiya ita ce ta Woodruff, ta 1952, kuma ana iya yinta da kalkuleta.

A raba 0.25 da ƙarfin samfurin, 229, a ɗauki tushen murabba'in abin da ya fito: 0.033. A ninka da 2 don tabbacin kashi 95 cikin ɗari: 0.066. A cire daga rabi, a kuma ƙara a kan rabi: 0.434 da 0.566. Sai a koma layin gidajen a karanta samun da ke daidai kashi 43.4 da kashi 56.6 na tarin nauyi. In nauyin duka ɗaya ne, gida na 208 da na 272 ke nan cikin 480. A ce tsakiya ta ba da 620,000, waɗannan biyun suka ba da 570,000 da 680,000. Haka za a rubuta: 620,000, tsakanin 570,000 da 680,000. Ba dole ɓangarorin biyu su yi daidai ba. Na sama ya kan fi faɗi, domin gidaje sun fi tazara da juna a can. Wanda ya manta da kamannin maƙwabta ya yi lissafi da 480 zai karanta gida na 218 da na 262, ya fitar da tazara siririya wadda ba ta gaskiya ba. Wannan kuskuren ya yi yawa a rahotannin ƙananan ayyuka.

Mai kwamfuta na iya bin hanyar sake ɗiba: daga shiyyoyin da ke hannu a ɗebo wasu da ƙuri'a, ana mayar da kowacce bayan an ɗauka, birni daban ƙauye daban, a lissafa tsakiya, a maimaita sau 1,000, a jera amsoshin a ɗauki ta 25 da ta 975. Shiyya sukutum ake ɗiba da duk gidajenta, ba gida ɗai-ɗai ba. In amsoshin suka taru a kan adadi biyu ko uku kawai, alama ce mutane sun riƙa cewa "dubu ɗari biyar" a dunƙule, kuma maganin yana wurin tambaya hanya-hanya, ba wurin lissafi ba.

A kula da matakin tabbaci in ana kwatantawa da na wasu. Hukumar ƙidayar Amurka, wadda ke fitar da irin wannan adadi na kowace gunduma duk shekara, da kashi 90 take aiki, inda ake ninkawa da 1.645. Tazararta za ta fi ƙanƙanta ko da ingancin ɗaya ne.

Kwatanta shekara da shekara

A fara da farashi. A ce zagaye na biyu ya ba da 700,000, ƙarin 80,000, kusan kashi 13. In ma'aunin farashi ya tashi daga 100 zuwa 110 a tsakanin, a ninka 700,000 da 100 a raba da 110: 636,000 a kuɗin shekarar farko. Ƙarin ya koma 16,000. A yi amfani da ma'aunin farashin INS na birni mafi kusa, Garwa, Marwa ko Ngawundare, maimakon na ƙasa baki ɗaya, kuma ga ƙauye a haɗa da farashin hatsin da kuka rubuta da kanku. Kasancewar sefa a ɗaure da yuro a kan 655.957 bai hana dawa tsada ba.

Sai shakkar bambancin. Kuskuren zagayen farko shi ne faɗin tazararsa a raba huɗu: 110,000 a raba 4, 27,500. A ce na biyu 28,000 ne bayan gyaran farashi. A ninka kowanne da kansa, a tara, a ɗauki tushe: kusan 39,000. Sau 2, 78,000. Bambancin ke nan yana tsakanin ragin 62,000 da ƙarin 94,000. Sifiri na ciki, saboda haka abin da za a rubuta shi ne ba a ga sauyin da ya wuce shakkar bincike ba. Ba a ce samu ya ƙaru ba, ba a kuma ce ya tsaya cak ba. Duban ko tazarorin biyu sun hau kan juna bai wadatar ba: suna iya ɗan haɗuwa alhali bambancin na gaske ne, don haka a yi lissafin bambancin kansa.

Komawa shiyyoyin da aka fara da su na rage wannan shakkar, domin halin kowane ƙauye ya shiga zagayen biyu ya soke kansa. In ƙiyasin biyu na da alaƙar 0.5, a ma'aunin da 0 ke nufin ba alaƙa, 1 kuma cikakkiyar alaƙa, kuskuren bambanci zai sauka daga 39,000 zuwa wajen 28,000. Sharaɗin shi ne a sake rubuta gidajen shiyyar kowane zagaye, don sababbin zuwa su samu shiga.

Ko da haka, da gida 480 ba za a iya ganin sauyin kashi 3 ko 4 na shekara guda ba. Bincike duk shekara da ƙaramin samfuri ɓarnar kuɗi ce. A tara kuɗin a yi mai ƙarfi duk shekara uku, ko a haɗa bayanan shekaru uku a jere bayan gyaran farashi a fitar da adadi ɗaya. In an haɗa, 2021 zuwa 2023 da 2024 zuwa 2026 ake kwatantawa, ba 2021 zuwa 2023 da 2022 zuwa 2024 ba, don waɗannan sun yi tarayya a shekara biyu.

Lokacin fita ma a riƙe shi. Wanda aka tambaya a Disamba rumbu cike, da wanda aka tambaya a Agusta, ba za su tuna shekara iri ɗaya ba. Azumi da Sallar Layya na matsowa da kwana 11 kowace shekara, kuma cinikin raguna, ɗinki da kayan miya na biye da su, saboda haka tambayar "wata ɗaya da ya wuce" na iya kama Sallah bana ta kuskure ta baɗi.

Abin da tazarar ba ta ɗauka ba

Lissafin da ke sama na sa'ar zaɓe ne kawai. Bai san ƙaryar mai tsoron haraji ba, bai san shiyyar da ba a shiga ba. Tun 2014 akwai ƙauyukan gundumomin Mayo Sava, Mayo Tsanaga da Logon-da-Shari da rashin tsaro ya hana zuwa ko ya watse, kuma ambaliyar Logon ta 2022 da 2024 ta raba dubban mutane da gidajensu a wajen Yagwa da Kusiri. In an bar shiyya shida cikin 40, a faɗa a rahoto, a kuma sake lissafa zagayen baya ba tare da su ba kafin a kwatanta. Garin da ya karɓi 'yan gudun hijira, tsakiyarsa na iya sauka alhali samun tsofaffin mazauna bai ragu ba. Layin ne ya ƙaru daga ƙasa. A fitar da adadi biyu, na kowa da kowa da na waɗanda suka shekara biyar a wurin. Sansanin Minawawo da ke kusa da Mokolo, wanda aka buɗe a 2013, ko dai a sa shi a kowane zagaye a matsayin rukuni na kansa, ko a bar shi a duka.

Girman gida ma na ruɗarwa: gida mai mutum 14 da ke samun 900,000 ya fi mai mutum 4 da ke samun 500,000 matsuwa. A raba samun kowane gida da yawan mutanensa a fitar da tsakiya ta biyu, a ajiye ta kusa da ta farko.

A teburin ƙarshe, kowane layi ya ɗauki shekara da watannin fita, yawan shiyyoyi da gidajen da suka amsa, ƙiyasi, iyakar ƙasa da ta sama, matakin tabbaci, da shekarar da aka daidaita farashi a kanta. A dunƙule adadin zuwa dubu goma mafi kusa, 620,000 ba 618,450 ba. A zane kuma, kowane ɗigo ya zo da sandarsa ta sama da ƙasa, kuma inda aka sauya takardar tambayoyi ko ma'anar gida, a katse layin a wurin a rubuta dalili a ƙasan zanen.